Modu Na Ƙasa da Injin Yanka Katako

A Gashuwa ba kowa ya san sunan mahaifin Modu ba. Modu Na Ƙasa ake ce masa, kuma daga sana'arsa ya samo sunan. Yankan katako da zarton hannu aikin mutum biyu ne. Ana gicciya gungume a bakin rami, ɗaya ya hau kai yana bin layin da aka ja da gawayi, ɗaya ya shiga ramin yana jawo zarton. Modu ne na cikin ramin. Na samansa kuwa Aondona ne, wani Batibe da ya sauka daga jirgin ƙasa a Nguru a 1961, da zartonsa naɗe cikin buhu.

Duk inda aka kayar da maɗaci ko kanya a bakin kogi, daga Karasuwa har Dagona, can za ka same su. Kafintoci na sayen katakonsu, masu gyaran kwalekwale na saye. Modu da Aondona ba sa magana idan zarto na tafiya. In tsagar ta fara matse zarton, sai Aondona ya tsaya ya buga diddige a kan gungumen. Da Modu ya ji bugun, ya san zarto ya tsaya, sai ya miƙa hannu ya cusa ɗan guntun itace a tsagar don ta buɗe. Surutu sai lokacin cin abinci.

"Maci doya, yau layinka ya karkace kamar hanyar maciji," in ji Modu.

"Kai da ke cikin rami, Babarbare, ina ka ga layi?" in ji Aondona. "Ja kawai."

Garin katako kuwa a fuskar na ƙasa yake zuba. Shekara da shekaru yana zuba, har idon Modu na hagu ya yi fari, na dama ya soma yin yana. Matarsa Yakaka ce ta fara lura, ranar da ya kai hannu zai ɗauki buta ya kama iska. A asibiti aka ce masa in yana son ragowar ganinsa, to ya bar ramin. Modu bai ji tsoron makanta kamar yadda ya ji tsoron zama ba. Bai iya noma ba, bai iya su ba, kuma bai san yadda zai yi ya ga wani yana jan zarton Aondona ba.

Aondona ne ya kawo shawarar inji. Suka haɗa abin da suka tara, Yakaka ta sayar da tumakinta, bayan damina ta 1972 suka shiga jirgi daga Nguru zuwa Kano.

Inji iri biyu mai kantin ya nuna musu. Babban yana da dogo irin na jirgin ƙasa, ana ɗaure gungume a kan keke ya bi ta bakin zarton da kansa, mutum ɗaya ya isa ya sarrafa shi. Ƙaramin tebur ne kawai na ƙarfe da zarto mai kama da faifai a tsakiya, amalanke ma za ta ɗauke shi. Amma sai mutum ya tura itacen da hannu, wani ya tsaya a baya yana tarba.

Modu ya zagaya babban yana shafa shi. Ya tambayi mai kantin, "Alhaji, a wannan ina na biyu yake tsayawa?"

"Ai daɗinsa ke nan, malam. Babu na biyu."

Modu ya koma wajen ƙaramin ya dafa teburin. Ya ce dogo ba zai bi yashin Dapchi ba, kuma a fadama nauyi ba abin so ba ne. Duk gaskiya ne. Aondona ya dube shi ya daɗe, domin ya san kuɗinsu ya kai na babban, ya kuma san ba yashi ke damun abokinsa ba.

"To, Na Ƙasa," ya ce, "wanda ka zaɓa shi muka zaɓa."

Watannin farko sun yi daɗi. Aikin mako suke yi a wuni, Modu yana tsaye a sarari, iska na kwashe garin katako. Ƙarar injin ba ta barin magana, amma da ma ba su saba da ita a bakin aiki ba.

Wata hantsi a Dagona suna yanka ɗanyen maɗaci, itacen ya fara matse zarton. Aondona ya daina turawa, ya buga gungumen da tafin hannu, nufinsa a dakata ya je ya kashe injin. Modu ya ji bugun a hannuwansa. Tun farkon haɗuwarsu ma'anar wannan bugun ɗaya ce. Kafin tunani ya zo, hannun ya riga ya tafi da guntun itace zuwa tsagar. Zarton hannu yana tsayawa idan mai shi ya tsaya. Na inji yana nan yana juyawa, idon Modu kuma bai isa ya nuna masa ba.

Masunta ne suka taimaka aka kai shi Gashuwa. Babban yatsa kaɗai ya rage a hannun damansa.

Aondona ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana kuka kamar ba namiji ba. "Uwargida, ni na buga," yake ta faɗa wa Yakaka.

Daga ciki Modu ya ce, "Tashi, maci doya, kana tara mana mutane. Ni na zaɓi abin."

Injin ba ya aiki sai da na biyu, ga iyali a wuyan kowa, ga fari ya shigo a shekarar. Aondona ya yi ta jinkiri har Modu da kansa ya aika aka kira Abbo, wani magidanci da shanunsa suka mutu, ya ce a ba shi wurin. Da Modu ya warke, yakan je rumfar da suke aiki ya zauna a gefe. Ba ya ganin katakon, ba a jin maganarsa sai an kashe inji, in an kashe kuma kowa ya gaji. Sannu a hankali ya daina zuwa.

Duk Juma'a Aondona yakan biyo da rabonsa. Modu ya karɓa da hagu, ya tambayi inda aiki ya kai, ya tambayi lafiyar matar Aondona, Nguveren, da yara. Bai taɓa tambayar yadda Abbo yake tarbar katako ba, Aondona ma bai taɓa faɗa masa ba, har Allah ya karɓi ran Modu a 1977.