Ranar da Kuɗin Babana Suka Ƙi Ci

Babana, Eggert Paulsen, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana gasa burodi a Rostock, ƙasar Jamus, kuma da taurin kai sana'a ce, da ya fi kowa arziki a garin. Tsaba kawai yake karɓa a shagonsa. In mai saye ya zaro katin banki, sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Roba na sayar maka da za ka biya ni da roba?" Fanshonsa ma sai ya taka har banki a damƙa masa a hannu. Na yi magana har bakina ya gaji.

Bara yayarsa Irmgard ta rasu a Sweden, inda take aure. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, amma shekara tara ba sa ga maciji, saboda wata baƙar magana da ya yaɓa wa mijinta a wurin biki. Kullum sai ya ce zai je ya ba ta haƙuri, baɗi, baɗi, har baɗin ya ƙare. Abin da ya rage masa shi ne ya tsaya gaban akwatinta ya faɗi abin da ya kasa faɗa tana raye.

Ni ina kwance da karaya a ƙafa, ba halin in raka shi. Na miƙa masa katina.

"Baba, riƙe wannan. Mutanen can sun daina taɓa tsaba."

"Wiebke, ke za ki koya mini tafiya? Na canjo kuɗinsu, krona sababbi fil. Ba a yi ƙasar da za ta ƙi kuɗinta ba tukuna."

Ashe an yi ta.

Jirgin ruwa ya sauke shi a Trelleborg, can Sweden, da safe. Jana'iza ƙarfe sha ɗaya a cocin wani ƙauye, tafiyar minti arba'in. Bas ta zo, ya hau, ya miƙa takardar kuɗi. Direba ya girgiza kai, ya nuna masa na'urar da ake manna kati. Baba ya sake miƙawa, direba ya sake nunawa. Haba jama'a! Tsoho ɗan shekara saba'in da shida, da baƙar kwat, da farin fure a hannu, makaho ma ya san inda za shi. Me zai ragu a jikin motar in an ce ya wuce ya zauna? Amma bawan Allahn nan ya kafe sai ka ce ubansa ya kafa dokar.

Sai wata mata mai jin yarenmu ta taso daga kujerarta.

"Zauna, Baba, na biya maka."

Ya yi godiya, ya miƙa mata takardar. Ta yi dariya.

"Me zan yi da wannan? Rabona da riƙe tsaba shekara biyar. Bar shi kawai, ba komai."

To nan ne nake jin kamar in kama shi in jijjiga. Ya murtuke fuska.

"Sadaka? Ni? Baiwar Allah, tunda nake ban taɓa hawa motar wani a bati ba. Ko ki karɓa, ko in sauka."

"Kai kuwa tsohon nan, jana'iza fa za ka!"

Ya sauka abinsa. Direba ya rufe ƙofa ya ja mota, ko waiwaye babu.

Ya yi ta bulayi a gari har ya dace da wani kanti da ke sayar da tikiti da tsaba. Bas ta gaba zuwa ƙauyen sai bayan awa biyu. Tasi ɗaya da ya samu, ita ma sai kati. Ƙarfe ɗaya saura ya isa, ya tarar coci a kulle, an tafi da akwatin. Mutane na can zauren da ke gefe suna shan kofi, kunya ta hana shi shiga.

Ya kira ni, muryarsa can ƙasa.

"Wiebke, sun tafi da ita."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, maimakon in lallashe shi sai na hau shi da faɗa. "Ban gaya maka ba? Ban ba ka kati ba? Girman kanka ya kai ka coci?" Ya kashe wayar. Har yau ina jin haushin direban, ina jin haushin Baba, amma na kaina ya fi ci mini rai.

Ya dawo ya daina musu da kowa. Mutumin da ke gardama da rediyo ya koma sai "to". Bayan sati uku, na fara takawa da sanda, ya ce in kai shi banki, ya cike takardun neman kati ba tare da ya zagi kowa ba. Ranar da katin ya iso ta gidan waya ina wurinsa. Ya yage ambulan, ya juya katin gaba, ya juya baya, ya ajiye a kan tebur.

"To, ga shi na yi," ya ce. "Yanzu wurin wa zan je da shi?"