Tambaya ta Bakwai

Shekara ashirin da tara ta yi tana koyar da lissafi a aji biyar, har sunanta na gaskiya ya ɓace a makarantar. Kowa Malama A-Sake yake ce mata, don abin da take rubutawa ke nan da jar biro a ƙasan aikin yaro in bai gamshe ta ba. Da yawa daga iyayen yaran yanzu ita ta koyar da su, kuma har yau in suka hango ta a bakin ƙofar makaranta, sai ka ga mutum da gemunsa yana gyara tsayuwa.

Doguwa ce siririya, tabarau a rataye a wuya, yatsunta kullum fari fat da alli. Ba muguwa ba ce, amma yarda tana yi mata wuya. In ka ce mata an yi ruwa a waje, sai ta leƙa taga. Dukiyarta a duniya manyan littattafai ne masu baƙin bango, ɗaya kowace shekara, cike da darussa da tambayoyin da ta ƙirƙira da kanta. Na shekarar da ake ciki yana cikin jakarta, sauran suna kulle a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonta.

Akwai wani sirri a littattafan nan da ba ta taɓa gaya wa ko malami ɗaya ba. A duk tambaya goma da za ta bai wa yara, ta bakwai lalatacciya ce, kuma da gangan ta lalata ta. Za ta ce tela yana da yadi goma sha biyu, ya yanki biyar, ya sake yankar tara, saura nawa? Yaro mai gaggawa zai murɗa lambobi ya kawo mata amsa. Wanda take nema shi ne mai ƙarfin halin ɗaga hannu ya ce, "Malama, ai yadin bai kai ba." Shi ke cin makin. A ganinta, yaron da ba zai iya ce wa babba lissafin nan bai fita ba, ko ya haddace jadawali duka bai koyi komai ba. Ba ta rubuta wannan bayani a ko'ina ba, a kanta yake.

Ana saura shekara biyu ta yi ritaya aka kawo sabuwar malama, aka ba ta ɗaya ajin na biyar. Yarinya ce mai fara'a, ƙarama a jiki, waya ba ta barin hannunta, shi ya sa tun makon farko malamai suka laƙaba mata 'Yar Waya. Tana zaman gwaji na shekara ɗaya. In shekarar ta cika, akwai fom ɗin da babbar malamar lissafi za ta cike ta sa hannu, shi zai sa a tabbatar da ita a aiki ko a ƙara mata wa'adi. Babbar malamar lissafi kuwa ita ce Malama A-Sake.

Da farko sun shaƙu. 'Yar Waya tana kiran ta Mama, tana karɓar mata jaka tun daga bakin ƙofa, tana zama a bayan ajinta tana rubuta yadda take koyarwa. Sau ɗaya ma ta ari baƙin littafin nan na kwana biyu, Malama ta ba ta, abin da ya ba kowa mamaki har da ita kanta.

Sai shugaban makaranta ya dawo daga wani taron bita da sabon zance. Ya tara su a ɗakin malamai, ya kunna kwamfuta, ya nuna musu wani shafin intanet inda malamai daga ko'ina ke ɗora darussa da tambayoyi, kowa ya sauke kyauta, har da takardar amsoshi. Matasa suka yi ta murna. Malama A-Sake ta sa tabarau, ta dubi allon kwamfutar ta ce ita dai tana so ta san wa ya rubuta, kuma wa ya duba. Shugaba ya yi dariya ya ce zamani ne. Ta ce ta ji, ta koma ga allonta da allinta.

Wata Laraba da hantsi, lokacin hutun tara, ta zauna a teburin da suke rabawa da 'Yar Waya. Ga tarin takardun ɗaya ajin an gama duba su an sa maki, an buga su tsaf da firinta. Idonta ya faɗa kan ta sama. Ta karanta tambaya ta ɗaya, gabanta ya faɗi. Ta biyu, ta uku, duk nata ne, ko waƙafi ba a canza ba. Ta sauko kan ta bakwai, ga telanta da yadinsa goma sha biyu. Wata yarinya ta rubuta da fensir, a hankali, "Yadin bai kai ba." An soke mata da jan gicciye. A takardar amsoshin da ke gefe an rubuta: biyu.

Ranta ya ɓaci iya ɓaci. An sace mata aiki, wannan ɗaya. Na biyu, wanda ya fi yi mata ciwo, an ɗauki tarkon da ta ɗana don ta gano yara masu kai, an mayar da shi abin hukunta su.

Da 'Yar Waya ta shigo, Malama ta tambaye ta a taƙaice ina ta samo tambayoyin. Yarinyar ta ce a shafin nan ne, wani malami da bai sa sunansa ba ya ɗora su da yawa, kuma suna da kyau sosai, har suna kama da na Mama. Malama ta ce, "Suna kama." Ta ɗauki jakarta da kanta ta fita.

Tun daga ranar komai ya sake kama a idonta. Ɗaukar jakar nan, ashe hanya ce ta kaiwa ga littafi. Zaman bayan aji, ashe leƙen asiri ne. Aron kwana biyun nan kuwa ba sai an faɗa ba, waya tana ɗaukar hoto, shafi ɗari ba ya cin awa ɗaya. Ko gaisuwar yarinyar ta fara jin ta da zaƙi fiye da kima. In 'Yar Waya ta sunkuya kan wayarta a ɗakin malamai, Malama sai ta ja jakarta ta ɗora a cinya.

Ta shiga bincike a ɓoye, irin na wanda ya riga ya yanke hukunci. Ta tambayi sakatariyar shugaba ko 'Yar Waya tana yawan amfani da kwamfutar ofis, aka ce kullum. Ta tambayi mai gadi ko tana tsayawa bayan an tashi, ya ce takan kai la'asar. Ta je har shagon da ake kwafin takardu a bakin titi, ta yi ta kewaye-kewaye, mai shagon ya ce malamai da yawa suna zuwa, shi bai riƙe fuska ba. Wannan ma ta lissafa shi a cikin hujja, ta ce rufa mata asiri yake yi. Kafin mako biyu, rabin makarantar sun san ana zargin sabuwar malama da wani abu, ko da yake ba wanda ya san mene ne.

A gida ma zancen ke nan. Maigidanta tsohon akawu ne, shekara talatin yana buga tafireta a ofis kafin ya ajiye aiki, mutum mai sanyi wanda ba ya katse magana. Tana ba shi labari yana sunkuyar da kai yana goge tabarau, ya ce dai a bi a hankali. Ta ce shi kullum a bi a hankali, da za a kwashe gidan nan kaf sai ya taya ɓarayi ɗaura kaya. Ya dubi fuskarta, ya ci gaba da goge tabarau.

Fom ɗin ya zo ranar Litinin. Ta zauna da shi a gabanta har aka buga ƙararrawa sau biyu. Gaskiya ita ce yarinyar ta iya aji, yara suna son ta, ba ta latti. Amma a gurbin da aka tambayi riƙon amana, Malama ta rubuta cewa akwai abin dubawa, ta ba da shawarar a ƙara mata wata shida. Shugaba ya karanta ya ɗaga gira, ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ita ba ta sa hannu a abin da ba ta tabbata ba. Ranar Talata aka tura fom ɗin ofishin ilimi.

Ranar Alhamis ta ce bari ta ga girman ɓarnar da idonta. Ta sa sakatariya ta buɗe mata shafin, ta zauna tana karantawa. Takarda sama da ɗari biyu, an sauke wasu sau dubbai. Tana tafiya ƙasa sai ta ci karo da tambayar wani direban bas da fasinjojinsa. Ta tsaya. Wannan tambayar ta shekararta ta huɗu a aiki ce, ta daina ba da ita tun kafin a haifi 'Yar Waya. Littafin da take ciki bai taɓa fita daga akwatin ƙarƙashin gado ba.

Ba ta jira an tashi ba. Ta nemi izini ta kama hanyar gida da rana tsaka, ta tura ƙofa ba sallama. Ga maigida zaune a bakin gado, akwatin a buɗe, baƙin littafi a kan gwiwarsa, ya dafe layi da rula kamar yadda yake yi a ofis, yana danna waya da yatsa ɗaya.

Bai yi musu ba. Ya ce shekara ɗaya da rabi ke nan yana kwafe littattafan yana ɗorawa a shafin, kullum in ta tafi makaranta, na jakarta kuma ranar da ba aiki in ta shiga kasuwa. Ranar da ta buɗe akwatin ta tarar gara ta fara cin na ƙasa, ya ji ta ce in ta mutu da su za a hura wuta. Maganar ta tsaya masa a rai. 'Yarsu ce ta nuna masa shafin da ta zo hutu. Bai sa suna ba don ya san halinta.

"To ta bakwai fa?" in ji ta. "Ba ka ga ba ta fita ba?"

"Na gani, tun a littafin farko. Na ɗauka hannunki ne ya kuskure. Amma ni akawu ne, Malama, abin da ke gabana nake bugawa, ban taɓa gyara takardar wani ba. Shafin kuma ba ya karɓar tambaya sai da amsa, in ka bar gurbin sai ya cike da kansa."

"Mako biyu ina zagin yarinyar nan a gabanka."

"Na ji tsoronki," ya ce. "Ban san za ki kai shi ga fom ba."

Ta zauna a ƙasa kusa da akwatin, abin da ba ta yi ba a shekaru. Ta so ta yi masa faɗa, ta nemi faɗan ta rasa. Kunya ce ta rufe ta, irin wadda ba ta taɓa ji ba.

Washegari tun kafin a yi layi ta shiga ofishin shugaba ta ce a dawo da fom ɗin. Ya buga waya a gabanta, aka ce masa an riga an shigar, wata shidan sun hau, sai dai ta rubuta takardar gyara a ajiye a fayil. Ta rubuta a tsaye, shafi biyu, ta sa hannu. Shugaba ya ce shi zai sanar da yarinyar. Ta ce a'a, ita ta ɓata, ita za ta gaya mata.

Ta same ta a aji tana goge allo, yara ba su shigo ba. Ta gaya mata komai bi da bi, ba ta rage ba: zargin, mai gadi, mai shago, fom ɗin, maigidanta da rularsa. Ta gaya mata sirrin tambaya ta bakwai, karo na farko da ta faɗa wa wani malami. 'Yar Waya ta saurara, tsumman goge allo a hannunta. Da aka zo kan yarinyar da ta soke wa amsa, ta runtse ido ta ce wannan laifinta ne, ta bi takardar amsoshi ba ta karanta tambayar ba, yau za ta mayar mata da makinta a gaban aji.

Malama ta roƙe ta ta yafe mata wata shidan, in za ta iya.

"Wata shida za su wuce, Mama," in ji ta. "Na san ana bincike a kaina, mai gadi ya gaya min tun ranar. Kullum ina zaune kusa da ke ina jira. Kin tambayi kowa a makarantar nan, ni kaɗai ce ba ki tambaya ba."

Aka buga ƙararrawa, yara suka fara shigowa suna gaishe su. 'Yar Waya ta juya ta rubuta kwanan wata a saman allo. Malama A-Sake ta tsaya a bakin ƙofa tana matsa wa yara hanya, har na ƙarshe ya shige, sannan ta tafi nata ajin.