Wanzamin Bab Makka da Littafin da Ya Yi Masa Fiƙoƙi

Bana shekara arba'in da uku ke nan da muka kai yayana Ilyasu makwancinsa. Ban saba tuna mamacina a shafin jarida ba, addu'a ta fi masa amfani. Jikata Ruwaida ce ta tayar mini da tsohon miki. Kwanan baya na same ta a falo ta ƙura wa waya ido, tana kallon wani fim na masu shan jinin mutane. Wani farin saurayi ne cikin kwat mai tsada, gashi ya sha mai, wai shekarunsa dubu biyu, wai da idonsa ya ga annabawan Bani Isra'ila, yana karanto ayoyin littafin Nasara kafin ya ciji wuyan budurwa. Na tambaye ta mene ne wannan shirme. Ta amsa mini da Larabci, domin Hausa tana ji amma bakinta ba ya juya ta: “Ya jaddi, kakana, labari ne kawai.”

Labari ne kawai. Haka ni ma na taɓa faɗa, kuma na ga abin da ya biyo baya.

Mahaifinmu wanzami ne daga ƙasar Katsina. A ƙafa ya taso aikin hajji, ya shekara bakwai a hanya, a Sudan aka haifa masa Ilyasu, shi da kansa ya yi masa zanen gidanmu a kumatu. Ni sai bayan shekara goma sha biyu aka haife ni a nan Jidda, ba zane a fuskata. Na samu takardar ɗan ƙasa, na yi makaranta, na iya Turanci. Yaya kuwa da iƙama, takardar izinin zaman baƙo, ya rayu har ya mutu, a ƙarƙashin kafilinsa, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, wani mai shagon tufafi. Shi ya gaji zabirar mahaifinmu. Wurin zamansa wata inuwa ce kusa da Bab Makka, tsohuwar ƙofar gari, ba nisa da katangar maƙabartar da ake danganta ta ga Nana Hauwa'u. Aski yake yi, da kaciya, da ƙaho. 'Yan dako daga tashar jiragen ruwa, alhazan da rana ta dafa wa kai, 'yan kasuwa masu ciwon baya, duk gabansa suke durƙusawa. Ya tsaga fata da aska, ya kifa ƙaho, ya zuƙe iska da baki, ya toshe hudar da kakin zuma. Ba a taɓa jin wanda tsagarsa ta ruɓe ba.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ina akawu a wani kamfanin jiragen ruwa a unguwar Bagdadiyya, sai aka kawo mana wani Bature baƙon manaja. Aka ce marubuci ne, ya zo neman abin da zai sa a littafi, aka ce in zaga da shi gari. Ni kuma kaina ya kumbura. Na kai shi bakin teku, na kai shi tsoffin gidaje masu tagogin katako, duk yana hamma. Abu ɗaya yake so: kabarin uwar 'yan Adam. Na gaya masa an daɗe da baje ginin, ba abin gani sai katanga. Ya tsaya a jikin katangar yana ta zufa yana rubutu, kamar mai jin wata murya daga ciki.

Daga nan na ce bari in nuna masa yayana. Ba wanda ya tilasta ni. Alfahari ne ya kai ni, ina son Yaya ya gan ni da Bature, ina son Bature ya ga gwanintar gidanmu. Muka tarar Yaya ya sunkuya a kan bayan wani ɗan dako ɗan Yaman, bakinsa a kan ƙaho. Baturen ya ɗaga kyamara ya ɗauka, ba sallama ba neman izini. Da Yaya ya gama ya wanke hannu, ya aika aka kawo shayi da na'ana'a, ya tashi daga kan kujerarsa ya ba baƙo. Baturen ya sha kofi biyu. Ya tambaye ni ma'anar zanen fuskar nan, na ce alamar gida ce. Ya yi murmushi ya rubuta.

Shekara biyu bayan haka wani ma'aikacin jirgi ya ajiye littafin a kan teburina yana dariya. A bangonsa an zana wani baƙin mutum da zane a kumatu, idanu jajir, fiƙoƙi biyu sun zarto, jini na bin haɓarsa, bayansa katangar maƙabarta da jinjirin wata. Duk wanda ya taɓa wucewa ta Bab Makka zai gane fuskar. Har hular ba a canza ba.

Ga abin da mutumin ya shirya. Wai Ƙabila, ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa, bai mutu ba. Wai an la'ance shi ya rayu da jinin mutane, aka sa masa alama a fuska, alamar kuwa ita ce zanen da mahaifina ya yi wa ɗansa da hannunsa ran suna. Wai ya yi yaƙi a rundunar Rumawa, ya shigo Bahar Maliya a jiragen Turawan da suka taɓa kawo wa Jidda hari, ya yi wa Turkawa hidima, yanzu ya ɓuya a rigar wanzami kusa da kabarin uwarsa yana tsotse alhazai. Sai wani jarumi mai shuɗin ido ya zo da tsohon littafi da sanda mai tsini ya ceci duniya. An yayyafa ayoyi a ciki kamar yadda mai tsire ke barbaɗa yaji a kan naman da ya kwana. Tarihi kuma an yayyaga shi an yi faci da shi. A shafi guda ya sa raƙuma suna shan ruwan teku. Wannan ne aikin da aka kira hikima, aka buga, aka sayar.

Da na jefa shi a teku da magana ta mutu. Amma na bar shi a ofis, wani abokin aikina ya ɗauka ya kai gidan gahawa, yana fassara wa mutane suna shewa. Magana zarar bunu ce. Kafin mako ya zagayo ta isa unguwarmu, kuma ba ta iso da rigar wasa ba.

A nan ne rainina ya fi tsanani, domin Baturen baƙo ne, jahilcinsa na nesa ne. Mutanenmu fa? Waɗanda Yaya ya yi wa 'ya'yansu kaciya, waɗanda ya aske wa jarirai gashin suna, su ne suka fara cewa dama sun lura idonsa ja ne. Larabawa suka ce mai tsotsar jini, namu suka fassara da kalmar da suka zo da ita daga gida: maye. Wata mata ta tuna ɗanta ya rame bayan ya wuce ta inuwarsa. Wani tsoho mai sayar da gawayi ya mutu da zazzaɓi kwana goma bayan an yi masa ƙaho, aka ce to ga shi. Hujjarsu ita ce, ai Turawa masu ilimi ne, ba za su buga ƙarya a littafi ba. Mutanen da ba su iya karanta harafi ɗaya na littafin ba, su suka fi kowa imani da shi. Inuwar da ake layi a cikinta ta koma wurin kwanciyar maguna. Matarsa ta daina zuwa gidan biki don ana janye yara daga kusa da ita.

Har aka kai ƙara wurin umda, wato mai unguwa, aka nemi a tashe shi. Kafilinsa ya fara cewa shi ba ya son fitina. Mun san abin da hakan ke nufi. In kafili ya janye hannu, iƙama ta faɗi, sai a sa mutum a jirgi zuwa ƙasar da bai taɓa takawa ba, ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Na raka shi gaban umda da hantsi, na haddace dogon jawabi. Bai bar ni na buɗe baki ba. Ya ajiye zabira, ya jera ƙahonninsa a kan tabarma, ya dubi umda, wani ƙaton mutum mai tumbi.

“Ya umda, shekara nawa ina yi maka ƙaho?”

“Sha biyu, ko fiye.”

“To shekara sha biyu ina shan jininka, kullum kana ƙara ƙiba. In ni maye ne, wallahi ban iya sana'ata ba.”

Umda ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya juya ga masu ƙara ya ce, “Halas, magana ta ƙare. Yalla, kowa ya kama gabansa, ku ji kunya.” Washegari ya je Bab Makka da kansa, ya tuɓe riga a idon jama'a ya ba Yaya baya ya yi masa ƙaho. Allah ya jiƙan wannan mutum. Shi ya tsare mana iƙamar.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Wannan ta yi 'ya'ya, mun kuma ci. Cikin masu zuwa wurinsa wasu sun dawo, da yawa ba su dawo ba, domin wanda ya zalunce ka ba ya son ganin fuskarka. Uwaye suka riƙa kai yaransu kaciya wani wuri. Bayan 'yan shekaru Yaya ya rataye zabira, ya kama aikin ɗora buhuna a wata masana'anta a kudancin gari, ya koma da iyalinsa unguwar Sa'alaba. Hannun da ke tsaga fata ba a ji ba, ya koma yana faso da kanta.

Bai taɓa ce mini kai ka jawo ba. Da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Abin da ya yi shi ne, ya sa na fassara masa littafin kaf, shafi bayan shafi, kullum bayan la'asar a ƙofar gidansa. Ya saurara ba fushi, wani wurin ma ya yi dariya. Da na rufe shafin ƙarshe sai ya ce, “Wannan mutum bai san jini ba. Ya ce jini yana da zaƙi. Kuma ya ce yana shiga bakina. Wanzamin da jini ya taɓa leɓensa ai bai gama koyo ba.” Aibin da ya gani ke nan. An kira shi la'ananne ɗan la'ananne, shi kuwa abin da ya ɓata masa rai shi ne an yi wa sana'arsa ƙazafi.

Da yau zai ɗaga kai ya ga zamanin nan, me zai ce? Zai ga ƙaho ya koma hijama a ɗakuna masu sanyi, da kofunan roba da safar hannu, manyan mutane suna bin layi suna yabon sunna. Zai ga kuma irin wancan littafi ya hayayyafa kamar ɓeraye a rumbu. Kowace shekara sai an haƙo wani annabi ko wani tsohon yaƙi an jiƙa shi da jini an sayar wa yara. Abin da na lura da shi, da mai shan jinin ya zama fari sai aka ba shi kyau da fada da 'yanmata masu suma don ƙaunarsa. Lokacin da yake da fuskar yayana, dodo ne da ya cancanci a soke shi. Masu rubuta waɗannan abubuwa ba su yarda da littattafan da suke yagowa ba, ba su san tarihin da suke tattakawa ba, ba su kuma taɓa tsayawa sun tambayi kan wa abin zai faɗo ba. Wanzami ba ya son jarfa: a zana fuskar uban ɗayansu a bangon littafi da fiƙoƙi, a ga ko zai ce labari ne kawai. Ina jin Yaya ba zai yi wannan dogon faɗa nawa ba. Zai kalli allon minti biyu, ya ce wuyan da aka ciza haka ba ya zubar da jini haka, ya tashi ya yi alwala.

Me ya rage nasa? Ba gida, ba shago. Inuwar Bab Makka an daɗe da shimfiɗa kwalta a kanta. Amma 'yarsa Safiya ta yi shekara talatin tana ɗibar jinin gwaji a asibiti, mata suna ƙin kowa suna jiran ta don allurarta ba ta da zafi, ta ce daga kallon yatsun babanta ta koya. Ran jana'izarsa kuma, samarin da suka yi ta rige-rigen ɗaukar makara, kusan duka shi ya yi musu kaciya. Wasunsu 'ya'yan masu ƙarar nan ne. Ban ji kunyar kallon iyayensu ido cikin ido ba.

A ciwonsa na ajali, wata rana da safe ina ba shi kunu, ya riƙe hannuna ya ce, “Baturen nan naka, in Allah ya sake haɗa ku, ka gaya masa sunana. Ya sha shayina, ya tafi da fuskata, bai tambayi sunana ba.”

Allah bai sake haɗa mu ba. Na tabbata ƙasa ta daɗe da rufe shi, littafinsa ma ban san wanda ke tuna shi ba in ba ni ba. Saƙon ya zauna a wuyana duk shekarun nan, yau na sauke shi a inda mutane za su gani. Sunansa Ilyasu ɗan Mamman Wanzami, haifaffen hanyar hajji, mijin Habiba, uban 'ya'ya huɗu. Wanda ya karanta wannan ya yi masa Fatiha.