Garkar Isma'ila da Tsadar Mai

Isma'ila mai pompitar, wato dankalin turawa, ake ce masa a kasuwar Balleyara. Garinsu wani ɗan ƙauye ne a gefen babban kwarin da ake kira dallol, tafiyar rabin awa daga Tabla a amalanke. Ya haura sittin, gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. Da damina manomin hatsi ne kamar kowa a Kurfai. Da an ɗaure dammuna an zuba a rumbu, sai ya gangara garka, inda ruwa yake kusa, ya shuka pompitar da albasa da ɗan shu, wato kabeji.

Ƙuruciyarsa a wajen bida, yawon neman kuɗi, ta ƙare. Ya yi dako a Kwatano, ya sayar da shayi a Sakkwato, ya dawo gida da ciwon baya da kuɗin injin ban ruwa. Jan inji ne, ƙarami, mutum ɗaya na iya saɓa shi. Da shi ya faɗaɗa garkar har ta ninka sau uku, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata huɗu. A waɗannan shekaru mai bai taɓa zama abin tunani ba. Daga Najeriya yake shigowa a ɓoye, 'yan ruwa-ruwa su jera shi cikin kwalabe a bakin hanya, ya fi na gidan mai araha nesa ba kusa ba. Isma'ila bai san dalilin arahar ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Ya san dalilin ne a farkon daminar 2023, ranar da arahar ta ƙare. Ya je sayen kwalba biyu, mai ruwa-ruwa ya faɗa masa kuɗin da ya kusan ninka na makon jiya.

"Kai, da ni kake ko da wani?"

"Baba, ba laifina ba ne. Gwamnatin Najeriya ce ke cika wani abu bisa kowace lita, yanzu ta ce ta gaji. Mu ma haka muka saro."

Isma'ila ya tsaya riƙe da kwalaben. Ashe shekara ashirin wata gwamnati da ba tasa ba ce ke taya shi ban ruwa, ba ta san shi ba, bai san ta ba. Ya sayi kwalba ɗaya ya juya.

Da sanyi ya shigo lokacin garka ya yi, ya ga in ya bi ta mai, pompitar ba za ta fid da kanta ba. Sai ya ji labarin Abdulgafar, wani makanike a Balleyara da ke juya inji ya koma shan gaz ta girki. Ranar Lahadi ya ɗora injin a amalanke ya kai masa. Abdulgafar, dogo mai fara'a, ya kwance nan ya ɗaura can, ya sa wani siririn tiyo.

"Baba Isma'ila, gaz tamu ce ta ƙasa, gwamnati ta riƙe kuɗinta don mata su bar sare itace. Butalin gaz ɗaya zai yi maka aikin da mai lita da yawa ba ya yi. Kana da butali?"

Akwai butali ɗaya a gidan, amma ba nasa ba ne. Na matarsa Zainabu ne. Babbar 'yarsu Samiratu, wadda ke aure a Yamai, ita ta kawo mata shi tare da murhunsa, bayan likita ya ce hayaƙin itace ne ke cin idanunta. Shekara biyu ke nan Zainabu na girki ba hawaye.

Kwana uku Isma'ila yana kewaya maganar. Rana ta huɗu da hantsi, Zainabu na tankaɗe a gindin itacen bedi, ya zo ya tsuguna nesa kaɗan.

"Uwar Samiratu, akwai wata magana."

"Na sani, Malam. Tun Lahadi nake ganin kana kallon butalin nan kamar bai taɓa shiga gidan ba."

"Aro ne. In an haƙe pompitar in sayo wani."

Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce, "Ɗauka. Abin da za a dafa ai daga garkar yake fitowa. Amma kada ka faɗa wa yarinyar."

A ranar ta mayar da duwatsun murhu uku wurinsu.

Garkar ta yi kyau a shekarar, ba laifi. Amma da aka haƙe, kuɗin ya tafi wajen hatsi, don damina ba ta cika ba, butali na biyu bai samu ba. Kuma dabarar Abdulgafar ta bazu. Duk wanda ke da inji a dallol ya juya shi, sai gaz ta fara wuya. Motar da ke kawo ta daga Yamai takan iso an riga an yi mata layi, mata da butalinsu, masu garka da nasu, ana harare-harare. Wata rana wata tsohuwa ta dubi Isma'ila a layin ta ce, "Ku kun shanye mana ita, rijiya na ci, yara na jira." Bai ga inda ta yi ƙarya ba.

Daga baya ya ji a rediyo an rage kuɗin mai a gidajen mai na ƙasa. Mutane suka yi murna, shi ma ya yi. Ya ɗauki bido, wato jarka, ya tafi, aka ce masa saboda halin tsaro ba a zuba mai a bido sai da takarda. Ya nemi takardar, aka ce ya dawo jibi. Ya koma gida da bidonsa wayam.

Abin da ya karya shi ya faru ne a ƙarshen sanyi na shekara ta biyu. Saura mako uku a haƙe pompitar, gaz ta ƙare, kuma babu ita ko'ina, Tabla babu, Balleyara babu, har Filinge ya aika babu. Mai ma ya ɓace, na kwalba sai mai ƙarfi. Ganye ya fara langaɓewa. Isma'ila ya nemo guga da igiya, yana ja, Zainabu na ɗauka da bokiti tana bin kunya-kunya. Tun sanyin safiya suke farawa, kafin azahar hannunsa ya daina rufuwa.

A rana ta biyar ya ga ta ajiye bokitin ta zauna a ƙasa, tana murza idanu da gefen mayafi. Ya saki igiyar.

"Tashi ki tafi gida."

"In na tafi wa zai ɗauka?"

"Ba kowa. Mu bar na gabas, mu riƙe na kusa da rijiya."

Haka suka yi. Rabin garkar ya bushe suna kallo. Abin da suka haƙa daga sauran ƙanana ne, dillalai suka taya yadda suka ga dama, ya sallama don ba shi da wurin ajiya. Samiratu ta zo ganin gida a watan, ta tarar da uwarta tana hura wuta. Ba ta yi wa ubanta maganar butalin ba, ta gaishe shi yadda ta saba, ta durƙusa. Shi ne ya kasa haɗa ido da ita. Kafin ta koma ya wanke butalin da kansa ya mayar ɗakin girki, ko da yake babu kome a ciki.

Bana bai shuka pompitar ba. Ya sa zogale da rogo a gefen rijiya, abin da guga goma zai ishe shi, sauran filin ya bar wa ciyawa. Abdulgafar ya zo har ƙauyen da wani mutum mai sayar da faranti mai jawo ruwa da hasken rana, suka yi ta bayani, ba mai, ba gaz, ba layi. Isma'ila ya saurara har ƙarshe, ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa. Ya ce Allah ya sa albarka, ya sa aka kawo musu fura.

Wani maƙwabcinsa ya zo kwanan baya neman aron injin, wai ya samo mai lita biyar wajen wani direba. Isma'ila ya shiga ya fito da shi, ya kakkaɓe masa ƙura, ya nuna masa inda ake juya shi daga gaz zuwa mai.

"Yaushe zan maido, Baba?"

"In ka gama."

Mutumin ya saɓa injin ya fita. Isma'ila ya koma kan tabarmarsa ya miƙe bayansa a hankali, ya ce wa Zainabu in ta samu sarari ta ɗora masa ruwan zafi.