Baba Tam da Tayar Auta

A layinsu ba wanda ke jingina keke ya shiga gida hankalinsa kwance muddin Baba Tam na zaune a ƙofa. Kafin ka fito ya taso ya danna tayar da babban yatsansa, ya girgiza kai, ya ce ba ta yi tam ba. Daga nan sunan ya samo asali, ya bi shi har ya danne na yanka. Ko baƙon da ya zo gaisuwa bai tsira ba. Zai fito ya tarar da dattijo durƙushe gaban kekensa da famfo, yana buga masa iskar da bai roƙa ba.

Ba a ga laifinsa ba, sana'a ce ta mai da shi haka. Tun yana saurayi yake rabon burodi a keke. Kullum da sassafe zai je gidan burodi a ɗaura masa akwatuna a kariyar bayan keke, wani kan wani har su fi kansa tsawo, ya bi shaguna yana saukewa. Duk wanda ya taɓa ɗaukar irin wannan kaya ya san taya mai laushi masifa ce. Ga nauyin tuƙi, ga tangaɗi, in ka faɗa rami ƙarfen wili ya ciji tiyub, ka tsugunna bakin titi kana faci, burodi na hucewa, masu shago na can suna zaginka. Shi kuwa da wuya ka ji an ce ya makara. Da keken nan ya ciyar da gida, ya sa yara makaranta, ya aurar da manyan. To, irin wannan mutum za ka gaya wa akwai inda laushin taya ke da amfani? Gara ka je ka gaya wa bango.

Ciwon gwiwa ne ya sauke shi daga sirdi. Gidan burodin suka sayi mota, shi kuma ya jingina tsohon kekensa a lungun tsakar gida, ya rufa masa buhu. Abu biyu suka rage masa daga waccan rayuwa: famfonsa mai mariƙin katako, da keken Auta.

Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, malamar motsa jiki a wata firamare. A gabansa ta fara zaman keke tun ƙafarta ba ta kai feda ba, ga shi yanzu tana da nata mai giya da tayoyi masu kauri, irin wanda ake hawa duwatsu da shi. Maƙwabta sun yi surutu har sun gaji, Baba Tam ya ce shi keke ne ya rufa masa asiri, ba zai raba jininsa da shi ba. Kullum kafin ta fita aiki sai ya danna tayoyinta, kullum kuma sai ya same su da laushi. Sai ya ɗauko famfo yana bugawa yana tsine wa masu yin tayar zamani, wai ta kwana ɗaya ba ta iya riƙe iska, alhali tasa ta dā sai ta yi mako ba ta motsa ba. Auta na tsaye riƙe da hular kwanonta, kai a sunkuye, ta ce haka ne, Baba.

Ana nan aka sa ranar tseren keke a tsaunin bayan gari, inda aka daina fasa dutse. Hanyar ba ta wasa ba ce: hawa da gangara, tsakuwa mai santsi, da duwatsu masu kaifi da suka fito daga ƙasa kamar haƙora. Tayoyin Auta sun suɗe, dole a sake. Da ta ce Baba ya raka ta shago ya taya ta zaɓe, bai nuna komai a fuska ba, amma matarsa, wadda yaran ke kira Umma, ta lura rigar zuwa biki ya saka.

Mai shagon kekuna ya sauko musu da tayoyi ya jera a kan teburi. Idon Auta ya tsaya kan wata marar nauyi mai ƙananan haƙora, domin ita gudu take so, kuma a hawan tudu ko nauyin cokali ana jin sa a ƙafa. Baba Tam ya karɓa, ya murza gefenta tsakanin yatsu, ya ce wannan da ɓawon albasa duk ɗaya, dutsen farko da ya shafe ta zai farke ta, sai Auta ta gama tseren da keke a kafaɗa. Ya laluba ya zaro wata mai kaurin gefe. Ta fi nauyi, gaskiya, amma wuƙa ma sai ta yi da gaske. Mai shago ya ce dattijo ya san taya. Ya ba da shawara a sa mai manyan haƙora a gaba, don ita ke riƙe kwana, mai ƙanana a baya don kada ta ja ƙafa. Aka yi haka. Da Baba ya ji ba tiyub a ciki, wani farin ruwa ake zubawa ya riƙa toshe huji da kansa, sai da ya yi salati, amma tunda an yabi zaɓensa ya bar ta nan.

Suna shirin fita mai shago ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya dai, malama, kada a cika musu iska. Ki bar su da ɗan laushi, su riƙa kwanciya kan dutse suna kama shi."

Baba Tam ya bari sai da suka hau hanya. Nan ya buɗe mata wayon 'yan kasuwa: su ce ka bar taya da laushi ta yi saurin lalacewa, ka dawo ka sayi wata. Ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Auta ta ce to, Baba.

Ranar tseren, tana ɗaki tana shiri, ya zagaya wajen keken ya danna. Yatsa ya nutse kamar a kwaɓin burodi. Ransa ya ɓaci. Yarinyar nan ashe maganar mai shago ta ɗauka. Bai so ya yi mata faɗa a rana irin wannan, sai ya ɗauko famfo ya yi aikinsa shiru, gaba da baya, har suka yi tam. Ya tuna kan dutse za a hau, ya ƙara musu kaɗan don alheri. Motar ƙungiyarsu ta masu tseren keke ta zo ta ɗauke ta da keken, Auta ta bar wayarta wajen Umma, ta ce su same ta can.

Da hantsi suka isa. Umma ta ce ita zuciyarta ba za ta ɗauki kallon gangara ba, ta samu inuwa kusa da inda ake gamawa ta zauna. Baba Tam ya dogara sanda ya hau har wajen gangarar da aka ce ta fi kowace muni, inda mutane suka taru bayan igiya. Ga mai shago nan ma da akwatin kayan gyara, an ɗauko shi saboda masu lalacewar keke.

Maza aka fara saki. Suka riƙa gangarowa ɗaya bayan ɗaya, duwatsu na ƙara ƙarƙashinsu. Can sai ga wani saurayi ya taho, tun daga sama kekensa na tsalle kamar ƙwallo, tayar gaba ba ta zama wuri ɗaya. Ta daki wani dutse ta baude, keke ya yi gabas, mai keke ya yi yamma. Aka ɗauke shi a makara irin ta asibiti yana riƙe da kafaɗa, fuska duk jini. Mai shago ya jawo keken gefe, ya danna tayar, ya yi tsaki.

"Baba, taɓa ka ji, kamar ƙarfe," in ji shi. "Wannan yaro ba dutse ne ya kayar da shi ba, famfo ne."

Baba Tam ya sa yatsa. Tam take, daidai yadda yake so, daidai yadda ya koya wa duk layinsu. Ta Auta ma ta fi wannan tauri, don ita har ƙarin alheri ya yi mata.

 Ya tambaya ko an saki mata, aka ce ai tun ɗazu, suna can bayan tsauni suna tahowa. Ya zaro waya, ya tuna tata na jakar Umma. Ya dubi hanyar da za su ɓullo, ya dubi gwiwarsa, ya san ko da ƙafar saurayi ba zai tare ta ba. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, ko ranar da babbar mota ta tura shi kwata da akwatunan burodi. Garin gyaran gira zai cire wa 'yarsa ido, da hannunsa, da famfon da ya ci abinci da shi.  Sai ya riƙe igiyar da hannu biyu yana karanto duk addu'ar da ta zo masa, har da ta shiga kasuwa.

Mace ta farko ta gangaro ta wuce, wata ta biyo ta. Sai ga jar hular kwano a saman gangara. Ya gane zamanta a sirdi tun kafin ya ga lambar. Ta nufo dutsen nan da ya kayar da saurayin, Baba Tam ya runtse ido. Ya ji ƙarar tsakuwa, ya ji sarƙa na kaɗawa, yana jiran ƙarar da ke biyo baya. Sai ya ji tafi. Ko da ya buɗe ido bayanta kawai ya hango, ta sha kwana.

Bai samu natsuwa ba, don an ce akwai sauran gangara a gaba. Ya sauko tsaunin nan yana ɗingishi, gumi ya jiƙa rigar biki, ko sannun da ake yi masa ba ya amsawa. Da ya iso inuwar sai ya tarar da Auta zaune kusa da Umma tana shan ruwa, ƙura har gira, ƙwauri ya ɗan kuje, amma ƙashi kowane na wurinsa. Ba ta zo ta ɗaya ba, ta dai shiga cikin na gaba-gaba, tana ta dariya. Ya zauna a ƙasa ba tare da ya nemi tabarma ba, ya yi ta hamdala.

Da numfashi ya dawo masa, hannu ya yi abin da ya saba, ya kai kan tayar keken da ke kwance gefe. Yatsa ya nutse. Ya danna ta baya, ita ma haka. Gefen duk shatin duwatsu, amma ba inda ya farke. Sai ya ɗauka huji ta yi a hanya, Allah ya sa iskar ta fice don ya cece ta daga hannunsa. Nan ya kasa riƙewa, ya faɗa musu komai, tun daga famfon safe har saurayin da aka ɗauka a makara, ya ce Auta ta yafe masa, saura ƙiris ya kashe ta.

Umma ta sa bakin mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Ya dube ta, ashe dariya take. Auta ta sunkuyar da kai irin yadda take yi kowace safiya.

"Baba, ba huji ba ne. Ni na rage, kafin a sake mu," ta ce. "Kullum ma haka nake yi. In ka buga mini, ina shan kwanar layinmu nake tsayawa bayan shagon tela in rage."

Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun da ta sayi keken. Umma ta ce tela ma ya sani, har kujera yake ajiye mata. Baba Tam ya tuna masu yin tayar zamani da ya yi shekaru yana tsine musu, bayin Allah ba su ci ba ba su sha ba. Ya so ya yi fushi, fushin ya ƙi zuwa. Abin da ya iya cewa kawai shi ne me ya hana ta gaya masa.

"In na gaya maka za ka daina," in ji ta. "Ni kuma ban taɓa fita gida ba ka duba mini taya ba."

Ya kau da kai yana kallon tsauni, ya ce ƙura ce ta shigar masa ido. Umma ta ce lallai kam, yau an yi ƙura.

Washegari Auta ta fito da keke da shirin aiki, ta same shi zaune a ƙofa, famfo jingine gefe, bai taɓa shi ba. Ta tsaya gabansa ta ƙi wucewa, ta ce ba a duba mata taya ba. Ya durƙusa da gwiwar nan mai ciwo ya buga har ta yi tam, don hali zanen dutse ne. Da ya gama bai tashi ba. Ya kwance murfin bawul, wato bakin da ake buga iska, ya ɗora yatsa, ya ce bayan shagon tela ba wurin tsayuwar 'ya mace ba ne, in ya isa ta gaya masa. Iska ta fara fita a hankali, tana danna tayar da tafin hannu, shi kuma yana sauraro, har ta ce, "Ya isa, Baba," ya ɗage yatsansa.