Rawanin da Ustad Mehr Din ya ajiye a ƙasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Yuli, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran malaminmu na kokawa, Ustad Mehr Din. Likita ya ce zuciya ce. Gaskiyarsa, amma mu mun san abin da ya taɓa zuciyar.

Ustad, ina ɗan shekara tara ka tsince ni ina fasa gilashin motocin mutane. Ka kama kunnena har filin kokawa, ka miƙa mini fartanya ka ce, "Tunda ƙarfi ya yi maka yawa, nome mini ƙasar nan." Haka ka yi wa yaran unguwarmu kusan duka. A Punjab ɗin nan da ake ƙyamar shan ruwa da kofin mai shara, kai kofi ɗaya ka rataye a bakin randa, ɗan mai shara ya sha, ɗan mai kanti ya sha. Wanda ya yatsina fuska kuwa, ya san hanyar gidansu.

Sai ga kasafin kuɗin bana. Majalisar birni ta ce ba za ta iya ɗaukar abu biyu ba: ko tallafin da ke riƙe da filinmu, ko ƙarin mafi ƙarancin albashi ga masu sharar titi. Suka gayyace ka zauren don ka roƙa wa filin, su kuma su samu bakin ce wa masu shara, ga wanda ya cinye rabonku. Sun manta rabin yaranka 'ya'yan masu sharar ne.

Ina wurin. Ka miƙe ka ce wa shugaban majalisa, "Ranka ya daɗe, yaron da bai ci a gidan ubansa ba, da me zai yi mini kokawa? Ubansa kuma in na rufe fili, ina zai kai shi?" Sannan ka warware rawaninka, ka ajiye a gaban takalminsa. Kowa ya san abin da hakan ke nufi a wurinmu: dattijo ya miƙa mutuncinsa gaba ɗaya, kuma ko maƙiyi yakan sunkuya ya mayar masa a kai.

Shugaban ya dubi agogo ya ce, "Baba, ɗauke kayanka, mutane za su wuce."

Suka soke tallafin, suka ɗage ƙarin albashin zuwa baɗi. A zaman nan dai suka amince da sababbin motocin kansiloli. Allah wadai! Ka fito kai ba rawani, kuma ba ka sake naɗa wani ba har ka koma ga Mahaliccinka. Ganin furfurarka a rana ya fi mini zafi a kan duk kayen da na taɓa sha.

Ranar addu'ar uku, lokacin da ake naɗa wa magaji rawanin gida, sai ga shugaban da masu ɗaukar hoto, ya riƙo sabon farin yadi zai naɗa wa ɗanka Sajawal. Wai shi ne babba a wurin. Rashin kunya dai ba ta da magani. Sajawal ya ja da baya ya ce, "Na babana yana nan inda ka tsallake shi. Je ka ɗauko wancan tukuna." 

Ƙarshen watan nan za a garƙame filin. Ban san inda yaran za su nufa ba, Ustad, kuma babu mai kama kunnensu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka, uwarmu Bibi Naziran, da Sajawal da ƙannensa, da duk wanda ya taɓa shan ruwa da kofin nan. Allah Ya ba mu haƙurin rashinka. Su kuwa waɗancan, ban yafe ba, Allah Ya isar maka.