Sunan da Hajiya ta riƙe shekara hamsin

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga garin Bowie da ke jihar Maryland, mu uku: ni a sitiyari, Hajiya a gefena da flas ɗin kunu, ɗiyarta a baya rungume da littafin rubutu. Duk Bahaushen da ya daɗe a yankin Washington ya san Hajiya. Ita da marigayi mijinta suna cikin 'yan farkon zuwa, shekara hamsin da ɗoriya, ni kaina a gidanta na yi wata huɗu da na sauka ƙasar nan. Ɗiyar ce ta tayar da tafiyar. Tana rubuta wa 'ya'yanta salsalar gidansu, sai ta tsinci hoton wani jariri a akwatin mahaifinta. Ashe tana da wa, ya rasu tun ba a haife ta ba, ko sunansa ba ta sani ba. Kabarinsa muka fita nema.

Muka miƙa kudu. Bayan kamar awa guda gidaje suka yi sauƙi, sai gonaki da tsofaffin rumbunan taba da suka karkace. Muka wuce wasu mutane masu keken doki da ba sa hulɗa da lantarki, Hajiya ta ce, "Ikon Allah, ashe ƙauye ko'ina ƙauye ne." A bakin titi na sayi ɗanyar masara, shida dala biyar, na kuma yi mata tayin ƙaguwa, wadda 'yan Maryland ke tinƙaho da ita. Ta ce shekara hamsin ba ta ci wannan gizo-gizon ba, ba yau za ta fara ba. Dambun namanta muka ci.

Nan ta saki baki da labarin farkon zuwansu. Ɗaki ɗaya suka kama a Washington. Maigidan yana makaranta da safe, da yamma yana wankin kwanuka a gidan abinci. Babu daddawa, babu mahauci Musulmi, babu wanda za ta ce wa sannu ya ce yauwa. In suna son nama, sai sun zo gonar wani manomi baƙar fata a nan kudu sun yanka rago da kansu. A sanyinsu na biyu injin ɗumama ɗaki ya mutu, sanyi ya kama ƙirjin yaron, watansa huɗu a duniya. Ba su san maƙabartar Musulmi ko ɗaya ba. Manomin nan ne ya roƙar musu gefe a maƙabartar cocinsu. Maigidan ya wanke ɗansa, ya sallace shi shi kaɗai, ya fuskantar da shi alƙibla. Ba su kafa dutse ba, tunda mu ba ma rubuta suna a kabari.

Duk labarin nan "yaron" kawai take cewa. Ɗiyar tana jin Hausa amma ba ta mayarwa, sai ta tambaya da Turanci: "Mama, wai menene sunansa?" Hajiya ta kawar da kai wajen taga. Ɗan fari ne, kuma matan zamanin Hajiya ba sa kiran sunan ɗan fari, kunya ce. Mijin da zai iya faɗa ya rasu bara.

Cocin ƙarami ne, na katako. Wata dattijuwa ta tarbe mu, ashe ɗiyar manomin ce. Ta ɗauko littafin jana'izarsu, ga shi an rubuta jaririn ɗalibin Afirka, gurbin suna fayau. Ta kai mu bakin shinge, inda ƙasa ta ɗan lotsa. Ta ce bana suna sa wa kowane kabari alama, wanda ba a san sunansa ba lamba za a sa masa. Ta buɗe biro tana jira.

Na ce, "Hajiya, ko za ki raɗa mini a kunne?"

Ta ce, "Bari, 'yar nan." Ta durƙusa da ƙyar, ta dafa ƙasar. "In na mutu da shi a baki, wa zai yi masa addu'a da sunansa? Idrisu ne. Sunan kakansa na wajen uba ya ci."

Ɗiyar Hajiya ta fashe da kuka, ni ce na harhaɗa wa dattijuwar haruffan. Muka yi masa addu'a, dattijuwar kuma tana tsaye gefe ta sunkuyar da kai har muka shafa.

La'asar sakaliya muka iso Bowie. Abin da na koya shi ne, a gida kunya ba ta ɓatar da suna, don gwaggo ta sani, maƙwabta sun sani, za su faɗa a madadinki. A nan kuwa babu gwaggo a bayan katanga, abin da uwa ta yi shiru a kai ya tafi kenan. Jama'a, wanda yake da tsoho a gida ya zauna ya tambaye shi tun yana iya amsawa. Saura ƙiris a sa wa Idrisu lamba, alhali mahaifiyarsa na tsaye a kansa.